Fatar da Ba Ta Jure Wahala

Wani ko da sabulun wanki ya yi wanka babu abin da zai same shi. Wani kuwa da zarar ya canza man shafawa, kafin la'asar fuska ta ɗauki raɗaɗi, wuya ya kama ƙaiƙayi. A gida akan ce masa ya cika tsirfa, alhali jikinsa ne ke kai ƙara.

A saman fata akwai wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta waɗanda maiƙo ya liƙe su, kaurinsa bai kai na takarda ba. Shi ke tsare ruwan jiki kada ya tsere, ya kuma tare ƙura da sinadarai. Idan ya tsattsage, abin da bai kai ya kawo ba sai ya isa ga jijiyoyi. Wannan rufi yana son ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH, sabulu kuwa yakan kai 9 zuwa 10. Sabulun salo ma, duk da farin jininsa, da toka ake yinsa, don haka yana cikin masu kaifin.

Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A daidai lokacin ne muke tafasa ruwa, mu sa soso mu dirje jiki har sai ya yi ƙara. Dubi ƙwaurin yaro da safe: ya yi fari fat, ga sawun farce layi-layi inda ya kwana yana susa.

Baƙar fata ba ta cika nuna ja ba. Wurin sai ya yi duhu ko toka-toka, bayan ya warke ya bar tabo na watanni. Nan ne ake faɗawa rami, domin tabon ke kai mutum kemis ko wurin mai haɗa mai. Da yawa daga mayukan haɗin nan na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, ko sinadarin haidurokwinon, wani lokaci har da makyuri. Ƙaiƙayi zai lafa cikin kwanaki, amma fata za ta sirance, jijiyoyi su bayyana, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo da fushi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake shafa wa jarirai irin wannan mai saboda 'yan ƙuraje. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin, wato shafa irin waɗannan mayuka don hasken fata, a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Amare su kula da baƙin lalle: sinadarin PPD na rinin gashi ake zuba masa, yana iya tayar da bororo daidai zanen furen.

Kulawar ba ta da tsada. Ruwa mai ɗumi, wanka gajere, tafin hannu maimakon soso. A shafa man kaɗanya ko basilin marar ƙamshi tun jiki na da lema. Humra da turare a sa su a tufafi. Sabon mai kuma a gwada shi a cikin hannu, sau biyu a rana har mako guda, kafin ya hau fuska.

Idan wurin ya fara ruwa, ko ƙaiƙayi ya hana barci, a bar gwaje-gwajen kasuwa a nemi likitan fata.