JBL ko rediyon memori: wanne ya dace da tsarabar mutanen Kauru?

Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, shagunan kayan lantarki na Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja kan cika da ma'aikatan gwamnati masu neman tsarabar da za su riƙa zuwa gida. Cikin kayan da aka fi tambaya akwai ƙaramar na'urar sauraron sauti ta tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa ke kira MP ko sifika. Mai shago kan jera wa mai saye kashi uku a kan kanta. Akwai JBL, wadda sunanta ya zagaya duniya kuma farashinta ke sa mai albashi ya yi jim. Akwai Oraimo da ire-irenta masu matsakaicin kuɗi. Sai kuma tarin ƙananan rediyoyin China marasa fitaccen suna, masu ɗauke da gurbin memori da tocila, wasu har da farantin sola a bayansu.

A Abuja, inda ake da wurin caji a ofis da cikin mota kuma intanet ke kan waya, zaɓin ba shi da wuya ga mai hali. Amma idan na'urar za ta ƙare ne a hannun wani dattijo a Kauru, ko wata uwa a Damakasuwa, ko matashi manomi a Geshere, lissafin yakan sauya. Kuɗin da za a kashe na iya kai albashin watanni, kuma tsarabar da ba ta dace da wurin da aka kai ta ba takan ƙare a ƙasan akwati.

Daga kaset zuwa memori

Sauraro a tafe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan wayar salula, an san Bahaushe da rediyo a kafaɗa da rikoda mai kaset a gindin bishiya. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman a 1979, Apple na Amurka ya biyo da iPod a 2001, wadda samfurinta na farko ke ɗaukar waƙoƙi kusan 1,000. A watan Mayun 2022 Apple ya sanar da daina ƙera iPod, domin wayar hannu ta riga ta cinye aikinta.

Sai dai a karkarar Arewa, ba iPod ce ta gaji kaset ba. Katin memori ne ya gaje shi. A kusan kowace kasuwar ƙauye akwai rumfar mai caji, kuma sau da yawa shi ne mai tura waƙoƙi da karatu daga kwamfuta zuwa memori a kan kuɗi kaɗan. Memori mai girman 8GB na iya ɗaukar sauti na fiye da awa 130 a matsakaicin inganci. A cikinsa mutum zai haɗa karatun Alƙur'ani da tafsiri, ko wa'azi da waƙoƙin zumuntar mata na coci, ya ƙara da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da mawaƙan Kannywood, ba tare da ya sake sayen data ba. Wannan al'ada ce ke tantance irin na'urar da ke da amfani a ƙauye.

Abin da kuɗi ke saye

Ba a banza JBL ta yi suna ba. James B. Lansing ne ya kafa kamfanin a Amurka a 1946, kuma yanzu yana ƙarƙashin Harman, wanda Samsung na Koriya ta Kudu ya kammala saye a 2017 kan kusan dala biliyan 8. Idan aka kunna sifikar JBL ta asali kusa da rediyon China mai araha, kunne ba ya buƙatar alƙali. Ta farko na fitar da amon ganga da kalangu a cike, murya kuma ba ta tsagewa ko an ƙure ƙara. Ta biyu kan fara ƙara kamar gwangwani da zarar an wuce rabi.

Akwai kuma ƙarko. Samfurin Flip 6 da Charge 5 na ɗauke da shaidar IP67, wato ƙura ba ta shiga cikinsu, kuma za su iya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. A yankin da ƙurar hunturu ke toshe komai, damina kuma ke da ƙarfi, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Kamfanin ya ce Flip 6 na iya kai awa 12 a caji ɗaya, Charge 5 kuma awa 20, har tana iya ba waya caji.

Matsalar ita ce farashi. An fito da Flip 6 a kasuwar Amurka a kan kusan dala 130. Kafin a saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dala na kusan Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura Naira 1,500. A wannan lissafi, sifikar ta kama kusan Naira 195,000 tun kafin a ɗora kuɗin dako da haraji da ribar ɗan kasuwa, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci zai haɗa kusan albashin wata uku kafin ya saya.

Ma'aunin Kauru

Kauru ƙaramar hukuma ce mai faɗi a jihar Kaduna, a mazaɓar Sanatan Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Lere da Kubau da Kajuru da Zangon Kataf. Hausawa da Fulani da Chawai da Kurama da wasu ƙabilu da dama ne ke zaune a cikinta, kuma noma ne babbar sana'a. Garuruwanta a warwatse suke tsakanin duwatsu da gonaki. A irin wannan wuri, abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci kan na'urar sauraro, kuma daɗin sauti ba shi ne na farko ba.

Na farko wutar lantarki. Ƙauyuka da yawa ba su da layin wuta, inda yake kuma ba a dogara da shi. A watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu caji da janareto suka ƙara kuɗi. Rediyon da ke da farantin sola, ko wanda ake iya cire batirinsa a sa wani, yana ci gaba da aiki a ranar da babbar sifika ta yi shiru tana jiran a kai ta kasuwa.

Na biyu sabis da data. Shahararrun sifikokin JBL irin su Go da Flip da Charge ba su da gurbin memori. Sai an haɗa su da waya ta Bluetooth, don haka abu biyu ne ke cin caji a lokaci guda, kuma idan mai wayar ya fita, gidan ya yi tsit. An ƙera su ne don mai sauraro ta Boomplay ko Spotify, a ƙasar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Rediyon memori ba ruwansa da waya. Tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba za ta iya kunna shi da maɓalli ɗaya.

Na uku rediyo. Waɗannan sifikoki masu tsada ba sa kama tasha. Ga mutumin karkara kuwa, labarai sun fi waƙa muhimmanci. Sashen Hausa na BBC na watsa shirye-shirye tun 1957, ga Rediyon Tarayya na Kaduna, ga tashar Rockside FM ta gwamnatin jiha a Kafanchan. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamban 2021, rediyo ne ya rage wa mazauna wuraren su san halin da ake ciki. Yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga ya san darajar labari da kuma tocila da dare, kuma rediyon China ya haɗa duka biyun.

Na huɗu gyara. Batirin kowace na'ura, mai tsada ko mai araha, yana raguwa bayan an yi masa caji ɗaruruwan lokuta, zafi kuma na gaggauta mutuwarsa. Batirin Flip 6 da Charge 5 a rufe yake cikin jiki, sai ƙwararre ya buɗe, kuma buɗewar na iya raunana kariyar ruwan da aka biya kuɗi dominta. Yawancin ƙananan rediyoyi kuwa na aiki da batirin BL-5C irin na tsohuwar wayar Nokia, ko kuma dogon batirin nan mai lamba 18650, waɗanda ake samu a wurin masu sayar da kayan waya a garuruwa irin su Saminaka da Kafanchan. Mai rediyon da kansa zai zare tsohon ya sa sabo.

Araha ba ta ado

Wannan ba ya nufin mai araha ba shi da aibi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bakin caji ne ke fara lalacewa, sai maɓallai, sai eriya ta karye. Farantin solar da ke bayan wasu ƙarami ne ƙwarai, yinin rana guda ba ya cika batir, sai dai ya taimaka. Lambobin da ake bugawa a kwali ma sukan yaudari mai saye. Idan aka ga an rubuta dubban watt tare da haruffan PMPO a jikin sifikar da ba ta fi tafin hannu ba, talla ce kawai. Ma'aunin da ke nuna ainihin ƙarfin sauti shi ne RMS, kuma na ƙananan na'urori ba ya wuce 'yan watt kaɗan. Haka batun girman batir: abin da aka rubuta daban, abin da ke ciki daban. Ga shi babu garanti, idan ya mutu bayan wata biyu babu wanda za a tuhuma.

A nan ne masu matsakaicin farashi suka samu gurbi. Oraimo na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a China, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, wanda ya gina kasuwancinsa a kan bukatun mai saye na Afirka. Wasu sifikokinsa na ɗauke da gurbin memori da rediyon FM tare da Bluetooth, suna zuwa da garanti, kuma kamfanin na da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Sautinsu bai kai na JBL ba, amma ya yi wa na rediyon kasuwa nisa. Rauninsu ga mutumin ƙauye shi ne FM ba ta kai ko'ina ba, kuma mai son tashoshin gajeren zango sai ya koma ga rediyo na ainihi.

Tarkon jabu

Asarar da ta fi kowace ciwo ita ce a biya kuɗin asali a karɓi jabu. Kasuwannin kayan lantarki cike suke da sifikoki masu tambarin JBL da ba su taɓa ganin masana'antar kamfanin ba. Akwai alama mai sauƙi: duk Flip ko Charge da aka ga tana da gurbin memori da rediyo, ba ta asali ba ce. Ta asali tana da nauyi a hannu, kuma manhajar kamfanin ta waya na gane ta idan an haɗa su. Kayan Oraimo kuma na zuwa da lambar da ake kankarewa a kwali don tantancewa a shafin kamfanin. Abin mamaki shi ne jabun kan fi ta asali biyan bukatar ƙauye, tunda masu yin ta sun san abin da kasuwa ke so. Illa dai bai kamata a saye ta da farashin da ya wuce na rediyon China ba, domin shi ne a cikin wata riga.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ce ke da alhakin hana shigo da marasa inganci, yayin da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ke karɓar ƙorafi. Amma ƙorafi ba ya tafiya ba tare da rasit ba. Mai saye ya nemi a rubuta masa sunan samfuri da lambar na'ura a rasit, a kuma kunna ta a gabansa kafin ya biya.

Wa za a kai wa?

Idan tambayar ita ce wacce ta fi sauti da jure ƙura da ruwa, JBL ta asali ta yi wa masu araha fintinkau. Ga ma'aikacin da ke zaune a Gwarinpa ko Kubwa, ko matashin da ke Kafanchan mai wayar zamani da wurin caji, kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Ga ɗalibi ko mai shago a cikin garin Kauru, mai matsakaicin farashi da gurbin memori ta fi dacewa da aljihu da bukata.

Ga dattijon da ke yini a gona ya kwana a ƙauyen da babu wuta, kyautar da za ta zauna a hannunsa ita ce rediyo mai kama FM da gajeren zango, mai gurbin memori da tocila da batirin da ake sauyawa. Kuɗin Flip 6 guda za su sayi irin wannan rediyo da batir na ajiya da memori cike da abin da yake so, a ƙara da ƙaramin farantin sola mai kyau da zai caja wayoyin gidan gaba ɗaya, kuma a samu canji. Don haka kafin ma'aikaci ya tsaya gaban kanta a Banex, ya kamata ya fara kiran gida ya tambayi abu biyu: a ina suke caji, kuma me suka fi saurare.