Kurtuba ko Ishbiliya: Ina Baƙo Zai Nufa?

Duk wanda ya taɓa neman bizar Turai daga nan ya san kwanakin da ake ba mutum ƙirgaggu ne. Ga kuɗin jirgi, ga na masauki, ga 'yan uwa a gida suna jiran tsaraba. To, idan Allah ya kai ka ƙasar Sifen, kuma yini ɗaya tak ya rage maka na buɗe ido a kudancinta, watau Andalus, wane gari za ka zaɓa, Kurtuba ko Ishbiliya? A jikin tikiti za ka ga an rubuta su Córdoba da Sevilla.

Tsakaninsu kimanin kilomita 140 ne, jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 1992 yana cinye su cikin wajen minti 45. Kogi ɗaya ne ya ratsa su, wanda Larabawa suka kira Wadil Kabir. Kowannensu kuma yana da babbar majami'a a inda masallacin Juma'a yake a da. Amma abin da ido zai gani ba ɗaya ba ne.

Ishbiliya ce babbar birni, hedkwatar yankin, ga filin jirgin sama, ga masaukai iri-iri. Bayan Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1248, an daɗe ana ibadar Kirista a cikin tsohon masallacin, daga baya aka rushe shi aka gina majami'ar da aka gama a 1506. Girmanta ya wuce misali, a ciki ne ma kabarin Kolumbus yake. Abin da ya tsira daga masallacin shi ne farfajiyar alwala mai itatuwan lemo, sai hasumiyar da sarakunan Muwahhiduna suka gama a 1198, wadda yanzu ake kira Giralda, aka ɗora mata ƙararrawa a bisa. Ba da matakala ake hawanta ba, hanya ce mai gangara tana zagayawa har sama, don haka ko dattijo zai iya lallaɓawa. Daga can kana kallon gari duka kamar a faifai.

Kurtuba kuwa ba ta kai rabin Ishbiliya yawan jama'a ba, kuma da ƙafa ake gama tsohon garin. A nan ba a rushe masallacin ba. Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara 200. Da ka shiga daga hasken rana sai ka tsaya cik. Ginshiƙai fiye da 800 ne a jere, kowane biyu an haɗa su da baka mai hawa biyu, ja da fari, ja da fari, har iyakar ganinka. Can ƙurya ga mihirabin da Halifa Alhakam na Biyu ya yi bayan 961, an yi masa ado da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya waɗanda gwanaye daga Rumawa suka jera, da ayoyi cikin rubutun Kufi. Mai lura zai ga alƙiblar ta fi karkata kudu, masana kuma har yau suna muhawara a kan dalili.

Kana cikin tafiya tsakanin ginshiƙan nan, kwatsam sai rufi ya yi sama, haske ya sauko, ka ga kanka a tsakiyar majami'a sosai. An mai da ginin coci tun 1236, amma sai a 1523 aka fara gina wannan sashe a cibiyarsa, da iznin Sarki Karlos na Biyar. Ana cewa da ya zo ya gani, bai ji daɗin aikin ba.

Mu dai a ganinmu, mai yini ɗaya ya tafi Kurtuba. Majami'ar Ishbiliya tana da 'yan uwa a Faransa da Jamus, ginin Kurtuba kuwa ba shi da na biyu. Ga kuma wata dangantaka: almajirin da ya taɓa buɗe Tafsirin Kurtubi ko Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushdi a zauren malam, sunan garin nan ya riga ya zauna a kunnensa. An haifi Ibn Rushdi a nan a 1126, mutum-mutuminsa yana zaune kusa da ganuwa. Ba mu raina Ishbiliya ba, ita ma ta haifi Alƙali Abubakar Ibnul Arabi mai Ahkamul Kur'ani, sai dai tana bukatar kwana biyu ko uku, musamman idan za a shiga fadar Alkasar.

Wani abu da ya kamata mai tafiya ya sani tun daga gida: ginin Kurtuba yana hannun cocin Katolika, ana ibada a cikinsa kullum, kuma ba a yarda da yin salla a ciki ba. Masu gadi za su hana. Gara ka nemi ƙaramin masallaci a gari kafin ka shiga, don kada ziyarar ta ƙare da ɓacin rai.

Kada kuma ka ce ai mun saba da rana. A Yuli da Agusta zafin garuruwan biyu yakan haura digiri 40, kantuna da yawa su rufe da azahar. Watan Mayu ya fi, lokacin da mutanen Kurtuba ke buɗe tsakar gidajensu cike da furanni don baƙi su shiga kallo. Wanda zai kwana a Ishbiliya kuwa ya kauce wa makon Ista da bikin da ke biyo bayansa, domin a lokacin kuɗin ɗaki yakan ninka.