Yadda Matashi Zai Fara Gina Tarihin Bashi Da Wayarsa: Bayani Ga 'Yan Yauri, Ngaski Da Shanga

A kasuwar Yelwa ko ta Wara, idan matashi yana son a ba shi koma ko buhun taki bashi, dillali ba ya neman wata takarda. Ya san mahaifinsa, ya san tungarsu, ya kuma san ko ya biya na bara. Da wannan amanar masunta da manoman albasa da na shinkafa na bakin tafkin Kainji suka daɗe suna samun jari.

Manhajar banki kuwa ba ta san mahaifinka ba. Abin da ta sani shi ne lambar BVN ɗinka da abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Idan ba a taɓa rubuta komai ba, to a wurinta kai baƙo ne, ko da duk Yauri za ta yi maka shaida. Shi ya sa za ka ga saurayi mai sana'a ya nemi naira dubu 200 ta waya don ya gyara injin jirgi, a ce masa dubu 5 kawai za a iya ba shi. A wannan maƙala za mu duba yadda ake rubuta wannan tarihi, da yadda za ka fara naka ba tare da ka jefa kanka cikin wahala ba.

Mene ne tarihin bashi, kuma wa ke ajiye shi?

Tarihin bashi rajista ce ta duk rancen da ka taɓa karɓa daga banki ko kamfani mai lasisi: nawa ka karɓa, yaushe, nawa ka biya, da kwana nawa ka yi jinkiri. A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin ajiye wannan rajista: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu bayanan masu cin bashi, kuma kafin a ba ka sabon rance sai an tambaye su labarinka.

Daga wannan bayani suke fitar da maki. Na CRC yana farawa daga 300 zuwa 850, kuma duk yadda ya yi sama, haka za a fi yarda da kai. Dokar da ta tsara aikin ta fito ne a 2017. Ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ce a riƙe bayanan aƙalla shekara 6. Wato bashin dubu 10 da ka yi wasa da shi kana ɗan shekara 20 zai iya tare maka hanya kana ɗan 25, lokacin da kake neman jarin gaske.

Abin da ke haɗa komai shi ne BVN, lamba mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a 2014. Ko ka sauya waya, ko ka jefa layi a ruwa, ko ka koma wani banki, lambar tana nan. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga asusunka na wani bankin idan ka ƙi biya, matuƙar ka amince da hakan a takardar rancen.

Mutanen Kebbi sun ga misalin wannan a zahiri. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, aka fara da shinkafa da alkama. Da BVN aka yi wa manoma rajista. Wasu sun ɗauka rabon gwamnati ne, ba su biya ba, alhali a takarda bashi ne da sunansu.

Mataki na farko: gyara takardunka

Kafin maganar rance, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da BVN da rajistar layinka. Idan a wani wuri kai Muhammad ne, a wani Mamman, kwamfuta za ta iya ɗaukar ku mutum biyu ta ƙi amincewa. Danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi za ka ga BVN ɗinka, *346# kuma za ka ga NIN. Ana cire kuɗi kaɗan a kowanne.

Sannan ka riƙe layi ɗaya ka kula da shi. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Idan wannan layin ne ke haɗe da asusunka, alat ɗinka da lambobin sirri za su riƙa zuwa wayar wani. In layi ya ɓata ko ya faɗa kogi, je ka yi walkam-bak da wuri, ka kuma sanar da bankinka.

Mataki na biyu: bari kuɗinka ya riƙa bi ta asusu

Wanda bai taɓa cin bashi ba, da shige da ficen asusunsa ake fara auna shi. Matashin da ke sayar da bandar kifi ta dubu 300 a wata amma duk a aljihu, a idon manhaja bai fi wanda ba ya aikin komai ba. Don haka idan ɗan kasuwa daga Kwantagora ko Anaca ya sayi kayanka, ka ce ya tura ta asusu. Idan tsaba ya ba ka, ka saka wani kaso ta wurin mai POS.

Haka ma adashe. Uwar adashe ba ta aika sunanka wa CRC, saboda haka zubinka na shekara biyar ba zai fito a rahoto ba. Amma idan ta asusu kake tura zubin kowane mako, takardar bayanin asusunka za ta nuna mutum ne mai iya biyan abu a kan lokaci. Masu shago da ke amfani da POS su ma cinikinsu yana rubuce, kuma kamfanoni irin su Moniepoint da shi suke duba wanda za su ba rancen kasuwanci. Ka ba wannan mataki kamar wata shida kafin ka nemi komai.

Mataki na uku: bashin farko ya zama ƙarami

Idan ka taɓa danna *303# ka ranci kati, ka riga ka ga yadda tsarin yake. Kamfanin waya yana duba yawan katin da kake sakawa, ya fara ba ka kaɗan, in ka biya ya ƙara. Haka masu ba da rance ta manhaja suke yi. Ga hanyoyin da matasa suka fi farawa da su:

Sayen waya ko sola da biya kaɗan-kaɗan. Kamfanoni irin su Easybuy da M-KOPA suna ba da waya ka biya wani kaso, saura a hankali. Sun King ma yana yin haka da fitilun sola. A irin wannan tsari akan kulle na'urar daga nesa idan ka daina biya.

Ƙaramin rance daga bankin da CBN ya ba lasisi, ko na unguwa ko na manhaja irin su FairMoney da Carbon.

Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Mutane da yawa a yankinmu suna guje wa rance saboda riba, kuma akwai hanyar da aka tanada musu. Jaiz Bank ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi kayan, misali babur ko injin ban-ruwa, ya sayar maka a farashin da kuka yi yarjejeniya, ka biya a hankali. Su ma suna ƙarƙashin CBN, biyan da ka yi yana shiga tarihinka.

Ɗalibai kuma akwai rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, wanda ba shi da kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ka tuna shi ma bashi ne.

Duk wanda ka zaɓa, yi masa tambaya ɗaya kafin ka sa hannu: kuna aika bayanan biya zuwa CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry? Idan ba sa aikawa, biyanka zai gyara sunanka a wurinsu kaɗai.

Yi lissafi kafin ka danna

Kada ka tsaya a kan abin da za ka biya a wata, haɗa jimilla. A ce waya tana naira dubu 120 kuɗi hannu. An ce ka ba da dubu 36, sannan dubu 18 duk wata har wata shida. Dubu 18 sau shida dubu 108 ne, a haɗa da dubu 36 ya zama dubu 144. Ka ga ƙarin dubu 24 ke nan. Idan wayar za ta kawo maka ciniki, wataƙila ta cancanta. Idan don a gan ka da ita ne, ka tara kuɗinka ka saya.

Rancen gaggawa ya fi wannan ciwo. A ce an ba ka dubu 10, a ce ka dawo da dubu 11 da 500 bayan mako biyu. Kashi 15 cikin 100 ne, kamar ba yawa. Amma shekara tana da irin wannan mako biyu sau 26, wato kashi 390 cikin 100. Wanda ya saba sabunta irin wannan rance, wa kamfani yake aiki.

Daidaita biya da lokacin samunka

Nan ne matashin bakin ruwa ya bambanta da ma'aikacin Abuja. Manhajoji an gina su ne don mai albashi, wanda kuɗi ke shigo masa ƙarshen kowane wata. Kai kuwa samunka yana bin kaka da rani da yanayin ruwa. Mai albasa yana iya yin wata uku yana zuba kuɗi a gona bai ga ko kwabo ba. Idan ya ci bashin kwana 30 a lokacin dashe, ranar biya za ta zo albasa ba ta ko yi kai ba.

Saboda haka ka ɗauki bashin farko a lokacin da ciniki ke tafiya, kuma kada biyan wata ya wuce abin da za ka iya fitarwa a watan da ya fi kowanne muni. Wata dabara mai kyau ita ce ka fara da abin da kana da kuɗinsa a ajiye, ta yadda ko kasuwa ta juya ba za ka yi jinkiri ba.

Sai matsalar sabis. A tungaye da ƙauyukan Ngaski da Shanga, tiransifa tana iya maƙalewa, kuma kwamfuta ba ta karɓar uzurin cewa babu netwok. Ka biya kwana biyu ko uku kafin wa'adi, musamman ranar da ka shigo gari cin kasuwa. Ka ɗauki hoton rasit ka ajiye. Idan ka ga ba za ka iya biya ba, kira su tun kafin ranar ka nemi a sake tsara maka biyan. Kashe waya ba ya kashe bashi.

Kada ka ba kowa aron BVN

Wannan ya fi komai cin matasa a karkara. Wani zai zo da fom ya ce tallafi ne, ya karɓi BVN da NIN, ya ɗauki hoton fuskarka, ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka. Da waɗannan ana iya buɗe asusu a ci bashi da sunanka. Lambar OTP da PIN naka ne kai kaɗai, ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin tambayarka.

Haka idan aboki ko ɗan'uwa ya ce ka karɓo masa rance a wayarka. In bai biya ba, sunanka ne a rajista. Tsayawa wani ma haka yake, mai ba da rance kai zai nema. Idan za ka taimaki ɗan'uwa, ka ba shi abin da za ka iya yafewa daga aljihunka.

Yadda za ka gane manhajar da za ka guje wa

An sha fama da manhajojin da ke kwashe lambobin wayar mutum, in ya yi jinkiri su aika wa iyayensa da surukansa saƙon cin mutunci. A garin da kowa ya san kowa, wannan abin kunya ya fi kuɗin ciwo. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobin waya da hotuna.

Don haka kada ka sauke manhajar rance daga linkin da aka turo maka a WhatsApp. Idan ta nemi izinin shiga lambobinka ko hotunanka, goge ta. Idan an ce sai ka fara tura kuɗin fom kafin a ba ka rance, damfara ce. Duba sunan kamfanin a jerin FCCPC kafin ka saka BVN.

Duba rahotonka

Bayan ka gama biyan bashin farko, jira wata ɗaya zuwa biyu ka nemi rahotonka na kyauta a shafin ɗaya daga cikin kamfanonin uku. Duba ko an rubuta cewa ka biya, ka kuma duba ko akwai bashin da ba ka san da shi ba. Idan ka ga kuskure, doka ta ba ka damar kai ƙorafi wurin kamfanin da wurin wanda ya ba da rancen, a nan rasit ɗin da ka ajiye zai yi maka amfani.

Amfanin wannan wahala yana gaba. Wata dokar ta 2017 ta amince a karɓi kadarar da ake iya ɗauka, kamar injin jirgi, babur ko dabbobi, a matsayin jingina, ba sai takardar fili ba. Matashin da ke da irin wannan kadara, ga shekara biyu na biya a kan lokaci a ƙarƙashin BVN ɗinsa, yana da abin da zai ajiye a gaban banki ranar da zai nemi firizar sola ko injin casar shinkafa. Kafin ranar ta zo, fara da abu mai sauƙi: danna *565*0# yau, ka tabbatar sunan da ke BVN ɗinka shi ne a katin NIN.