Suna na wani, aiki na wani: Yadda ƙananan kamfanonin jiragen sama ke kokawar neman kwangila a Amurka

Fasinjan da ya sayi tikitin kamfanin United daga birnin Chicago zuwa wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka zai ga sunan United a jikin jirgin, a katin shigarsa, har ma a kofin da za a zuba masa shayi.

Amma sau da yawa matuƙan jirgin da ma'aikatan da ke raba abin sha ba ma'aikatan United ba ne. Wani kamfani ne daban ke biyan su albashi, kuma sai mutum ya ƙura ido kafin ya ga sunansa da ƙananan haruffa a jikin tikitin ko a gefen ƙofar jirgin.

Sunaye irin su United Express da American Eagle da Delta Connection ba kamfanoni ba ne masu jirage da matuƙa na kansu. Inuwa ce da manyan kamfanonin ke tara 'yan kwangilarsu a ƙarƙashinta, irin su SkyWest da Republic da GoJet da CommuteAir. Su ne ke kwaso fasinjoji daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filayen jirgi kamar na Atlanta da Dallas da Chicago, inda ake sauya jirgi zuwa wurare masu nisa.

Rayuwar waɗannan kamfanoni ta rataya ne kan takarda ɗaya: yarjejeniyar kwangila. Wanda ya rasa ta, galibi ya rasa komai.

Wuƙa da nama na hannun babba

A mafi yawan yarjejeniyoyin, babban kamfani na sayen kujerun jirgin ne gaba ɗaya. Shi ke sayar da tikiti, shi ke yanke farashi, shi ke cewa jirgi zai tashi ƙarfe kaza zuwa gari kaza, kuma yawanci shi ke ɗaukar nauyin kuɗin mai. Duk abin da fasinjoji suka biya aljihunsa yake shiga.

Shi kuwa ƙaramin kamfanin, aikinsa ya kawo matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi da kanikawa. Ana biyan sa kuɗin da aka amince tun farko gwargwadon yawan tashi da awoyin da jirgin ya yi yana aiki, ko jirgin ya cika maƙil ko fasinja uku ne a ciki. Idan ya kiyaye lokaci ana yi masa ƙari, idan kuma ya cika soke tafiya ana cin sa tara, har ta kan kai ga soke kwangilar.

Hakan ya taɓa faruwa a 2008, lokacin da Delta ya sanar da soke kwangilar Freedom Airlines, wani reshe na kamfanin Mesa, bisa zargin gaza kammala adadin tafiye-tafiyen da aka yi alƙawari. An kai ƙara kotu, kuma a 2010 kotun ta bai wa Delta gaskiya.

Tsarin yana da amfani ga ƙaramin kamfani, domin tashin farashin mai ko ƙarancin fasinja ba sa hana shi barci. Sai dai ba shi da kwastoma ko ɗaya da ya san shi. Wani lokaci ma jiragen da yake tuƙawa mallakar babban kamfanin ne, wanda zai iya karɓe su idan wa'adi ya cika ya miƙa wa wani.

Me ake gasa a kansa?

Idan babban kamfani ya nemi wanda zai tuƙa masa jirage, masu neman aikin kusan kaya iri ɗaya suke kawowa. Jiragen dai su ne Embraer na Brazil ko kuma samfurin CRJ da aka ƙera a Kanada. Fentin jiki da tsarin hidima kuma babban kamfanin ne ke zaɓa. Abin da ya rage a yi gasa a kansa shi ne farashi, kuma babban abin da ƙaramin kamfani ke iya ragewa a farashinsa shi ne albashin ma'aikata.

A nan ne tsufa ke zama laifi. A kamfanonin jiragen saman Amurka, albashin matuƙi na ƙaruwa ne da yawan shekarunsa a kamfanin. Kamfanin da ya daɗe yana aiki yana da tsofaffin ma'aikata masu albashi mai tsoka, yayin da sabon kamfani ke cike da sababbin hannu masu arha. Idan aka zo zaɓen ɗan kwangila, sabon ya fi sauƙin farashi.

Matuƙin da kamfaninsa ya rufe kuma ba ya tafiya da shekarunsa. Ko da ya shekara 20 yana kyaftin, idan ya koma wani kamfani daga ƙasan layi zai fara. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kokawa cewa da wannan ake tsorata ma'aikata: ko ku amince da ragin albashi, ko jiragen su koma hannun maƙwabta.

Kamfanin Comair na birnin Cincinnati ya zama abin misali. Delta ya saye shi a 2000, sai matuƙansa suka shiga yajin aiki na kwana 89 a 2001, abin da ya durƙusar da harkokin Delta a birnin. Matuƙan sun samu ƙarin albashi, amma a shekarun da suka biyo baya Delta ya rarraba aikin ga kamfanoni da dama, jiragen Comair suka riƙa raguwa, har aka rufe shi a watan Satumban 2012.

Akwai kuma waɗanda suka gwada cin gashin kansu. Bayan United ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a ƙarshen 2002, ya nemi 'yan kwangilarsa su rage farashi. Kamfanin Atlantic Coast Airlines ya zaɓi raba gari, ya sauya suna zuwa Independence Air a 2004, ya fara sayar da tikitinsa a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington. Bai cika shekara biyu ba ya rufe a watan Janairun 2006.

Iyakar kujeru 76

Ba manyan kamfanonin kaɗai ke shata filin gasar ba. Matuƙansu ma suna da ta cewa, domin duk tafiyar da aka bai wa ɗan kwangila aiki ne ya suɓuce musu. Shi ya sa a yarjejeniyarsu da American da Delta da United aka sa sharaɗin cewa jirgin ɗan kwangila ba zai wuce kujeru 76 ba, nauyinsa kuma ba zai wuce kimanin tan 39 ba a lokacin tashi. An kuma ƙayyade yawan irin waɗannan jirage da kowane kamfani zai iya bayarwa.

Wannan sharaɗi ya shafi har masu ƙera jirage. Sabon samfurin Embraer mai suna E175-E2 ya fi shan mai kaɗan, amma nauyinsa ya zarce iyaka, don haka kamfanonin Amurka suka ci gaba da sayen tsohon samfurin. Kamfanin Mitsubishi na Japan, wanda jirginsa na SpaceJet ya ci karo da wannan shinge da wasu matsaloli, ya yi watsi da aikin a 2023.

Wasu kuma dabara suka yi. A 2019 GoJet ya fara tuƙa wa United jirgin CRJ550, wanda asalinsa mai kujeru 70 ne aka rage su zuwa 50 domin ya shiga ajin ƙananan jirage da ba a tsananta ƙayyade su ba.

Haɗarin da ya sauya doka

A daren 12 ga Fabrairun 2009, wani jirgi da ya taso daga Newark zuwa Buffalo a jihar New York ya faɗa kan wani gida. Mutum 50 suka mutu, ciki har da mutum ɗaya da ke cikin gidan. Fasinjojin tikitin Continental suka saya, amma kamfanin Colgan Air ne ke tuƙa jirgin.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin haɗarin kan kuskuren da kyaftin ɗin ya yi lokacin da na'ura ta gargaɗe shi cewa gudun jirgin ya yi ƙasa. Binciken ya kuma tona yadda rayuwar matuƙan ƙananan kamfanoni take. Albashin mataimakiyar matuƙin bai kai dala 20,000 a shekara ba, kuma daga yankin Seattle da ke ɗaya ƙarshen ƙasar ta kwana tana tafiya domin zuwa wurin aiki.

Iyalan waɗanda suka rasu sun matsa wa majalisar dokoki lamba, aka yi sabuwar doka a 2010. Daga 2013, mai son zama mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500 yana tuƙi, maimakon 250 da ake karɓa a da, ko da yake an sassauta wa tsofaffin sojojin sama da waɗanda suka kammala wasu makarantu. Dokar ta kuma tilasta bayyana wa mai sayen tikiti sunan kamfanin da zai tuƙa jirgin.

Reshe ya juye da mujiya

Horon tuƙi ya ƙara tsada da tsawon lokaci, albashin farawa kuma bai taka kara ya karya ba, sai masu shigowa suka ragu. A watan Fabrairun 2016 Republic ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, yana mai cewa rashin matuƙa ya sa jiragensa zaman banza.

Annobar korona ta zo ta tankaɗe masu rauni. Compass da Trans States sun daina aiki a watan Afrilun 2020. A watan Yulin shekarar, United ya yanke shawarar tattara jiragensa na Embraer masu kujeru 50 a hannun kamfani ɗaya, ya zaɓi wanda ake kira CommuteAir a yanzu ya bar ExpressJet, duk da cewa yana da hannun jari a dukansu biyun. ExpressJet, wanda ya taɓa kasancewa cikin mafiya girma a fagen, ya daina tashi a ƙarshen Satumba. Ya sake gwada sa'arsa da sunan aha! a 2021, amma ya durƙushe a watan Agustan 2022.

Da tafiye-tafiye suka farfaɗo, manyan kamfanonin da suka sallami dubban tsofaffin matuƙa a lokacin annobar sun koma ɗiban ma'aikata daga wurin 'yan kwangilarsu. Waɗanda aka fi kwashewa su ne kyaftin-kyaftin, ga shi mataimaki ba ya zama kyaftin sai ya ƙara tara awa 1,000 a irin wannan aiki. A tsakiyar 2022 shugaban American, Robert Isom, ya ce kusan ƙananan jirage 100 na kamfanin suna ajiye babu mai tuƙa su.

Daga nan tambayar ta sauya daga wa ya fi arha zuwa wa ke da matuƙa. A watan Yunin 2022 ƙananan kamfanonin da American ya mallaka suka ɗaga albashin sabon mataimakin matuƙi zuwa dala 90 a kowace awa ta tuƙi, sauran kamfanoni suka bi sahu ba don suna so ba. Republic ya nemi hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da awa 750, amma hukumar ta ƙi.

Kamfanonin da manyan suka mallaka, wato Envoy da PSA da Piedmont na American, da Endeavor na Delta, da Horizon na Alaska, suna da uwa a gindin murhu. Na American ma suna jan matasa da alƙawarin wucewa kai tsaye zuwa babban kamfanin. Masu zaman kansu kuwa dole su koma teburin ciniki su nemi a ƙara musu kuɗin kwangila. Mesa da American sun raba gari a ƙarshen 2022, Mesa ya koma dogaro da United kaɗai. Air Wisconsin ya bar United ya koma American a 2023, sai ga kwangilar ta ƙare a watan Afrilun 2025.

Waɗanda suka rage

SkyWest, wanda aka kafa a 1972 a garin St. George na jihar Utah, shi ne mafi girma a yau, da jirage kusan 500. Ƙarfinsa shi ne yana yi wa manyan kamfanoni huɗu aiki, United da Delta da American da Alaska, kuma yana da kuɗin sayen jiragensa da kansa, don haka babu mai iya kashe shi da wasiƙa ɗaya. A watan Afrilun 2025 Republic da Mesa suka sanar da shirin haɗewa, alamar cewa tsayuwa da abokin ciniki ɗaya ta zama kasada.

Raguwar 'yan kwangilar ta ba waɗanda suka rage bakin magana, matuƙa kuma sun samu albashin da na baya ba su gani ba. Amma tsadar ta sa jirgi mai kujeru 50 ya daina biyan kansa a hanyoyi da dama, domin fasinjojin da za a raba wa kuɗin matuƙa biyu ba su da yawa.

Mazauna ƙananan garuruwa ne ke ɗanɗana kuɗar hakan. A watan Maris na 2022 SkyWest ya sanar da aniyar janyewa daga garuruwa 29 da gwamnatin tarayya ke biyan tallafi domin jirgi ya riƙa zuwa, sai da ma'aikatar sufuri ta dakatar da shi har a samu madadi. A watan Satumban shekarar, American ya daina zuwa Dubuque a jihar Iowa da Toledo a Ohio da Ithaca da Islip a New York, yana kafa hujja da ƙarancin matuƙa. A Dubuque, shi ne kaɗai kamfanin jigilar fasinja da ke sauka a filin jirgin garin a lokacin.