Awakin da ba su da tsaga a kunne

A ƙarshen kakar bara, bayan an kwashe dammunan hatsi an saki bisashe cikin gonaki, wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiya, a wani ƙauye da ke arewacin Ɗan Kassari. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙare ba.

"Ɗana, ba kai ne ka zo bara da rani ka yi wa awakina allura ba?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To taho ka ga aikinka."

Awaki 11 gare ta. Uku sun riga sun mutu, huɗu suna kwance. Tun daga ƙofar garke na ji warin bakinsu. Idanu sun manne da kwantsa, majina ta bushe ta toshe hanci, dasashi duk gyambo, gindi ya ɓaci da zawo. Duk wanda ya yi shekara biyu a wannan aiki ya san wannan fuska. Annobar awaki da tumaki ce, wadda mu ma'aikatan kiwo muke kira PPR.

Gabana ya faɗi, don na tuna ranar da na zo ƙauyen. Shi ne na ƙarshe a zagayenmu na ranar. Mun fito tun asuba bisa moto, rairayi ya riƙe mu sau biyu, kuma lokacin da na buɗe galasiyar, wato akwatin sanyin da muke ɗaukar maganin a ciki, rabin ƙanƙarar ta zama ruwa. Na taɓa kwalaben na ji da sauran sanyi, na ci gaba da aiki. Ban faɗa wa kowa ba.

Sai na durƙusa na fara duba kunnuwa. Duk dabbar da muka yi wa rigakafi muna tsaga mata kunne. Uku daga cikin marasa lafiyar ba su da tsaga, kuma dukansu ƙanana ne da aka haifa bayan wucewarmu. Waɗanda suka mutu ma, in ji ta, ƴan bana ne. Da na matsa da tambaya ta ce ɗanta ya sayo wani bunsuru a kasuwa kwana goma da suka wuce, ya sake shi cikin garke a daren. Amma ta huɗun, wata jar akuya uwar garke, tana da tsagata a kunnen hagu. Har yau ina tunanin akuyar nan.

Ciwon ba sabo ba ne. A Kodibuwa aka fara bayyana shi a rubuce, a 1942. Ƙwayar birus ce ke kawo shi, dangi ɗaya da ta ƙyandar yara da ta bushiyar shanu, amma ba ta kama mutum. Tana bin numfashi da majina da miyau daga dabba zuwa dabba, a bakin rijiya, a kasuwa, a burtali. Daga kamuwa zuwa bayyanar zazzaɓi kwana 4 zuwa 6 ne, wanda ke nufin bunsurun da ka taya a kasuwa yana iya zama lafiya lau a ido alhali yana ɗauke da ita. A garken da bai taɓa haɗuwa da cutar ba tana iya kashe har 9 cikin 10, kuma ta fi tsananta ga awaki. Ba ta da magani. Alluran da muke yi wa marasa lafiya don ciwon huhun da ke biyo baya ne kawai, kafson masu talla a kasuwa kuwa asarar kuɗi ne.

Abin da take da shi rigakafi ne, mai kyau ƙwarai. An samo ƙwayar da ake yinsa da ita a Najeriya a 1975, shi ya sa sunanta Nigeria 75/1. Dakta Adama Diallo da abokan aikinsa suka raunana ta a ɗakin bincike a Faransa, suka fitar da sakamakon a 1989. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, wanda ga yawancin awakinmu ya kai tsawon rayuwa. Kuma tana aiki kan dukan zuri'o'in cutar guda huɗu. Wannan ya zama abin dubawa a gare mu, don wani bincike da aka buga a 2018 kan samfuran da aka ɗauka a Nijar ya nuna zuri'a ta huɗu, wadda a da aka sani da ta Asiya, ta riga ta shigo ƙasar. Maganin da ke hannunmu yana tare ta ita ma.

Laifinsa ɗaya: ƙwayar da ke cikin kwalbar tana da rai, kuma zafi yana kashe ta. Dole ta zauna cikin sanyi tun daga ɗakin binciken da aka yi ta, zuwa Dosso, zuwa Dogon Dutsi, zuwa firijin ƙaramar hukuma, zuwa galasiyar da ke ɗaure bayan motona. Inda duk sarƙar ta tsinke, kwalbar ba ta canza launi, ba ta wari. Za ka yi allurar, ka tsaga kunne, ka rubuta a takarda, ka tafi gida da murna, alhali ruwa ka tsira wa dabbar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Arewa ke wuce digiri 40, wannan ba tatsuniya ba ce.

Nan ne tarihin bushiya ya shafe mu. Tsofaffin makiyaya suna tuna ta. A 1962 aka ƙaddamar da babban gangamin rigakafinta a Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru, aka yi nasara har mutane suka ɗauka ta tafi. Sai aka yi sakaci da maruƙan da ake haifa, ƴan wuraren da cutar ta laɓe suka ci gaba da riƙe ta, a farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi ɓarna mai yawa a Najeriya da maƙwabta. Cikin abubuwan da suka juya yaƙin daga baya akwai rigakafi mai jure zafi, wanda Jeffrey Mariner na jami'ar Tufts ta Amurka da abokansa suka samar ta hanyar gyara yadda ake busar da maganin. Mutane da yawa ba su san a Nijar aka gwada shi a daji ba, aka buga sakamakon a 1990. Yana iya kwana 30 ba firiji. Da shi makiyayan da aka horar suka shiga yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan, inda motar gwamnati ba ta kaiwa. An ga bushiya karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka shelanta ta ƙare a duniya.

Wannan nasara ce ta sa hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka taru a Abijan a 2015 suka sa wa PPR wa'adin 2030. A 2017 Mariner da masu bincike na cibiyar ILRI da ke Nairobi suka nuna dabarar busarwar nan tana aiki ga Nigeria 75/1, daga baya aka yi maganin a babban ɗakin binciken dabbobi na Bamako aka gwada shi a garkunan Mali. Cibiyar Tarayyar Afirka da ke tantance ingancin rigakafin dabbobi, PANVAC, a Bishoftu ta Habasha, tana gwada irin waɗannan magunguna ta hanyar ajiye su kwana 5 a zafin digiri 40, ta ga ko ƙarfinsu ya rage yadda ake so.

Kwana 5 ba kwana 30 ba ne, amma ga wanda ke fita Ɗan Kassari da asuba ya dawo da isha'i, ya wadatar. Da irin wannan kwalba ce a hannuna ranar nan, da ban kwana ina tunanin jar akuya ba. Sai dai akwai wani abu da nake so abokan aikina, musamman mataimakan da muke horarwa a ƙauyuka, su riƙe: juriyar zafin ta busasshen gari ce. Da zarar ka zuba ruwan haɗi, ƙwayar ta koma yadda take, zafi da hasken rana suna cin ta. Ruwan haɗin ya kasance mai sanyi, kwalbar ta zauna a inuwa, kuma abin da ya wuce awa biyu a zubar. Na sha ganin kwalbar da aka haɗa da hantsi ana lallaɓa ta har la'asar don kada a ce an yi asara. Kwalba mai allura 100, ƙauye mai awaki 40, ka ga inda jarabar take.

To amma ko da maganin bai taɓa lalacewa ba, awakin Inna shida daga cikin bakwai da sun kamu. Wannan shi ne ɓangaren binciken da ya fi damuna. Masu bincike na cibiyar CIRAD sun yi lissafi a 2016 kan garkunan tumakin Sahel, suka nuna yadda kariyar garke ke zubewa bayan gangami. Ba ƙarfin allurar ke raguwa ba, garken ne ke canzawa. Ana haihuwa, ana sayarwa, ana yanka na suna da na layya, ana ba da habbanaye. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5 kacal. Kafin shekara ta zagayo, babban kaso na garken sababbi ne da ba su san allura ba. Ɗan akuya yana samun kariya daga dakashin uwarsa, ta riƙe shi wata 3 zuwa 4, daga nan ya zama fili. Shirin duniya yana neman aƙalla 70 cikin 100 na dabbobin yanki su kasance da kariya kafin cutar ta rasa wurin zama. Mu kuwa sau ɗaya muke zagayawa a shekara, in an samu kuɗin mai da wuri.

Wani binciken da aka buga a 2018 ya dubi Habasha, ƙasar da ke da manoma masu ƴan garkuna a bisa tsaunuka da makiyaya masu manyan garkuna a ƙasa-ƙasa. Lissafin ya nuna cutar ba ta iya daɗewa da kanta a ƙauyukan tsauni. A wajen makiyaya take zaune, daga can take hawa sama lokaci-lokaci. Ba mu da tsaunukan Habasha, duwatsun Dutsi ba su kai ko gwiwarsu ba, amma hoton na gane shi. Garkunan da ke bin Dallol Mawri suna hawa arewa da damina, suna gangarowa da kaka, wasu su tsallaka iyaka zuwa Kabi da Sakkwato. Dabbar da aka saya a Bachaka ko Illela tana iya kwana a garken Arewa cikin kwana biyu. Matan gari masu akuya biyar-biyar su ne muka fi samu ranar rigakafi, don suna gida. Babban garken da ya fi buƙata sau da yawa yana can daji, ko ya wuce kafin mu iso.

Can wani gefen duniya an ga abin da ke faruwa in cutar ta fita daga garke. A 2007 ta shiga Tibet, ƙasar da ake kiwo a tudun da ya haura mita 4,000, har ta kama tumakin daji na can. A ƙarshen 2016 ta tsallaka daga dabbobin gida zuwa wata barewa mai kumburarren hanci da ake kira saiga a Mongoliya, masu bincike suka ƙiyasta yawanta ya ragu da kusan 80 cikin 100. A Tanzaniya kuwa an samu alamar cutar a jinin ɓauna da barewa ba tare da an ga suna mutuwa ba. In na karanta irin wannan, ƴar barewar da ta rage mana wajen Gadabeji da Tarmit nake tunawa. A 2024 ma cutar ta ɓulla a Girka da Romaniya, don haka yanzu Turawa sun daina kallonta a matsayin ciwon talakan Afirka.

A Nijar gwamnati tana yin gangamin rigakafi kyauta kowace shekara, na ciwon huhun shanu da PPR da ciwon raƙuma, da tallafin shirye-shirye irin su PRAPS, wanda Bankin Duniya ke ɗaukar nauyinsa a ƙasashen Sahel 6 tun 2015. Kyauta ne, amma har yanzu akwai mai ɓoye rabin garkensa don yana zaton ƙidayar haraji muke yi. Akwai mai cewa allura na sa ɓari, sai ya ware masu ciki, alhali cutar ce ke zubar da ciki. Babbar gardama kuwa a kan kunne take. Wani dattijo ya taɓa ce mani, "Likita, yi allurarka, amma ragon layya ba a taɓa mashi kunne." Ban yi masa musu ba, na ce mu je wajen liman tare. A ganina wannan magana ce da ya kamata a zauna da malamai da rugga da garso a kashe ta tun kafin gangami, ba a bar wa ma'aikaci shi kaɗai a bakin garke da almakashi a hannu ba. In ba tsaga, ba yadda zan bambance wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba, kuma da ban iya ba Inna amsa ba ranar nan.

Abin da na roƙa a rahotona na bana guda biyu ne. A ba mu zagaye na biyu, ƙarami, bayan damina, na ƴan awaki da ƴan tumakin da suka wuce wata 3 kawai. Kuma a tsara ranakun fita tare da shugabannin makiyaya, a tare garkuna a mashaya da bakin burtali lokacin da suke gangarowa, maimakon a jira su a gari. Ga mai kiwo kuma, abin da ba ya cin ko dala: dabbar da ka sayo, ɗaure ta ita kaɗai mako uku, da kwanon ruwanta daban, kafin ta shiga cikin sauran.

Na koma ƙauyen bayan kwana 12. Biyu daga cikin ƙananan sun mutu, ɗaya ta tashi. Jar akuyar ma ta tashi, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma tana cin harawa. Sauran huɗu masu tsaga ko tari ba su yi ba. Na faɗa wa Inna maganar ƙanƙarar da ta narke. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To bana ka fara da mu, tun da sanyin safiya." Na rubuta sunan ƙauyen a saman takardar zagaye.