Koira Kano: keke, jakin ƴan gudun hijira

Dokar Nijar ta ba ɗan gudun hijira damar karatu da magani da yawo cikin ƙasa. Sai dai doka ba ta biyan kuɗin tasi.

Da harshen Zabarmanci, Koira Kano na nufin "gari mai daɗi". Unguwa ce ta manyan gidaje da ofisoshin ƙungiyoyin agaji a birnin Yamai, inda manyan motoci ke shiga da fita. A bakin ƙofofin nan kuma akan ga samari tsaye da takardu a hannu, ƙura har gwiwa. Ɗan gudun hijira ba ya iya hayar ɗaki a nan. Yakan sauka can bakin gari inda haya ke da sauƙi, ya tako da ƙafa cikin rana.

Baƙin da Nijar ta karɓa

Tun 2012 yaƙin arewacin Mali ya koro dubban mutane zuwa Ayoru da Abala da Mangaize, wasu suka zarce Yamai. Daga 2013 ƴan Najeriya suka kwararo jihar Difa, a 2019 kuma jihar Maraɗi. A watan Nuwamba 2017 hukumar HCR ta sauke mutum 25 na farko da ta kwaso daga Libiya, ƴan Eritiriya da Habasha da Sudan. An ajiye irinsu a gidaje cikin Yamai kafin a buɗe cibiyar Hamdallaye a 2019.

Doka mai lamba 97-016 ta ran 20 ga Yuni 1997 ita ce ta tsara matsayinsu. Amma lakwal na gabas, likita na yamma, ofishin takardu na wata unguwa. Saurayin da ba shi da ko dala a aljihu, tasi da faba-faba da kabu-kabu duk sun fi ƙarfinsa. Sai ya zauna ɗaki yana jira, ga tunanin gida, ga abin da ya gani a hanya. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Abin da keke ke yi

Keke ba ya shan mai, ba ya bukatar lasin. Tafiyar awa ɗaya da ƙafa, mai keke ya yi ta cikin minti ashirin. Da shi yaro ke isa lakwal kan lokaci, saurayi ya kai wa ɗan kasuwa saƙo daga Babbar Kasuwa zuwa Harobanda, ya samu na abinci. Baƙo ko da ido makaho ne, amma wanda ke zaga gari kullum yana koyon hanyoyi, yana tsayawa wajen mai faci, a nan yake tsintar Hausa da Zabarmanci da abokai. Likitoci kuma sun tabbatar motsa jiki na rage damuwa, yana kawo barci.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A London, ƙungiyar The Bike Project tana tattara tsofaffin kekuna tun 2013, ta gyara, ta ba masu neman mafaka. A Berlin, Bikeygees ta soma koya wa mata ƴan gudun hijira tuƙin keke a 2015. Masomah Ali Zada, ƴar Afganistan da ta samu mafaka a Faransa, ta yi tseren keke a wasannin Olimfik na Tokiyo a 2021. Su kuwa samarin Eritiriya, tseren keke shi ne wasan ƙasarsu, kamar yadda kokowa take a Nijar. Ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ne ya ci koriyar riga a tseren Faransa na 2024.

Matsaloli na nan: rairayin da ke cinye taya a lungunan da babu kwalta, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, direbobin da ba sa ganin mai keke da daraja, da bakin mutane kan budurwa in ta hau.

Duk da haka, a gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa da yawa akwai keken da yara suka girma suka bari, yana tsatsa a bayan ɗaki. Sabuwar taya da sarƙa da birki sun ishe shi tashi. Ga mai gida tarkace ne. Ga yaron da ya baro Menaka da riga ɗaya, hanyar lakwal ce.