Kaɗaici A Cikin Taro

Ran da na fara zuwa wannan koleji, mota ta sauke ni a bakin ƙofa da akwatina guda da ɗan ƙunshin gyaɗa wanda uwata ta ɗaura mini. Ban san kowa ba. A makarantar mishan inda na yi karatu, malami ya san ubana, ya san gonarmu, har ya san ranar da ba mu hura wuta a gida ba. Nan kuwa ga ɗalibai ɗaruruwa, kowa yana hira da 'yan garinsu cikin harshensu, ni kaɗai ne ba ni da wanda zan ce wa ina kwana da harshenmu. Ina so in gaya muku abin da ya same ni, sa'an nan in bayyana abin da masana suka gano game da shi, gama na san ba ni kaɗai ya taɓa samu ba.

Wajen mako na shida barci ya fara gagarata. In na buɗe littafi sai in ji tsakiyar kaina ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, in karanta shafi guda sau uku ba abin da ya zauna. Abinci ya fita raina. Na je ɗakin magani aka auna jinina, aka ce ba zazzaɓi. Ban gaya wa kowa ba, domin an sayar da awaki biyu a gida kafin a cika kuɗin makarantata. Da wane baki zan ce na kāsa? Sau biyu ina ɗaure akwatina da dare, da nufin in gudu da asuba.

Daga baya na gane wannan ciwo ba sabo ba ne a ƙasarmu. A shekara ta 1960 wani likita mutumin Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro kusa da Abeokuta, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya riƙa gani a wurin 'yan makaranta. Su da kansu su ke kiransa gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne zafi a kai da wuya, da jin kamar wani abu yana tafiya a cikin kai, da dushewar gani, da kāsa riƙe karatu. A ganinsa, ɗaya daga cikin dalilan shi ne karatun boko ya kan sa yaro ya yi fama shi kaɗai, alhali ya tashi inda a ke yin kome tare. Likitocin yanzu sun fi ɗaukarsa a kan wani fanni ne na damuwa da fargaba, waɗanda su ke bayyana ta hanyar jiki.

To, yaya rashin aboki zai taɓa jiki? Ga yadda abin ya ke. Mutumin da ya ji ba shi da mai tsaya masa, jikinsa ya kan zauna cikin shiri kamar na mai gadi da dare. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya zama na zomo. Wanda bai yi barci sosai ba kuwa karatu ba ya zama a kansa. In ya fāɗi gwaji sai kunya ta sa ya ƙara janye jiki. Har ya kai in ya ga mutum biyu suna dariya ya zaci da shi su ke. Da haka kaɗaici ya ke haifar wani kaɗaicin.

An gwada wannan a Amurka. A shekara ta 2005 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Jami'ar Carnegie Mellon, inda aka yi wa sababbin ɗalibai 83 allurar rigakafin mura, aka kuma riƙa tambayarsu halin zamansu. Aka tarar waɗanda su ke jin kaɗaici, da waɗanda ba su cuɗanya da mutane da yawa, jikinsu bai amsa allurar da ƙarfi kamar na sauran ba. A shekara ta 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa ga matasa. Watau mu ke nan.

Amma in kaɗaici yana kawo ciwo, jama'a tana kawo sauƙi, mu kuwa ba sai mun je ƙetare neman misali ba. A shekara ta 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro. Maimakon ya kulle masu taɓin hankali, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani nasa, ko uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci. Da rana su zo asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin jama'a. Wannan tsari ya yi suna har ƙasashen waje. In mai babban ciwo yana bukatar mutane tare da magani, ina ga ɗalibin da ciwonsa ke farawa?

Nawa sauƙin ya zo ta hannun wani ɗan aji uku wanda gadonsa ke kusa da nawa, ba harshenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Wata asuba ya ga akwatin a ɗaure. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, “Ƙanena, zo ka taya ni ban ruwa a lambu.” Muna cikin ɗiban ruwa ya ce mini shi ma a shekararsa ta fari har tashar mota ya kai, kuɗin mota ne bai ishe shi ba ya komo. Na yi dariya, dariyar fari tun zuwana. Ya kai ni wurin malamin da ke kula da ɗakin kwananmu, ya kuma sa ni cikin 'yan karatun darensu. Kafin ƙarshen zango barcina ya komo.

Abin da ya yi mini, masana ma sun gwada shi. A shekara ta 2011 waɗansu malaman Jami'ar Stanford biyu, Walton da Cohen, suka buga labarin wani gwaji. Sun ba sababbin ɗalibai bayanin manyan ɗalibai su karanta, inda manyan ke cewa kusan kowa ya kan ji kamar ba wurinsa ba ne da fari, amma abin ya kan wuce. Ɗalibai baƙar fata da suka karanta, makinsu ya ƙaru cikin shekara uku, suka kuma ce sun fi jin lafiya da farin ciki. Sanin cewa ba kai kaɗai ba ne, shi kansa magani ne.

Sai dai a lura da abu uku. Na fari, yawan mutane ba shi ne zumunci ba. Wani yana da suna ɗari biyar a wayarsa, amma ba wanda zai gaya wa ya kwana da yunwa. Aboki ɗaya mai riƙon asiri ya fi su duka. Na biyu, ba kowace abota ce ke da amfani ba, gama zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai. Ƙungiyar da za ta koya maka shan ƙwaya, ko ta sa ka rantsuwa a ɓoye, ita ma mai kaɗaici ta ke farauta. Na uku, aboki ba likita ba ne. In baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, ko mutum ya fara maganar ya gaji da duniya, kada a ɓoye, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi wurin malami da likita a ranar nan.

Ya ku 'yan'uwana manya, zumunta a ƙafa ta ke. Ku duba teburin cin abinci, ku ga wanda ke zama can ƙarshe shi kaɗai, ku koma kusa da shi. Ku kuma sababbi, ku shiga ƙwallo ko lambu ko ƙungiyar muhawara, ko da ba ku iya ba, ku kuma riƙa jin muryar gida. Dukanmu malamai za mu zama. Gobe za a ba kowannenmu aji, a cikinsa kuwa ba za a rasa yaro mai zama a kusurwa yana shiru ba. Wanda bai koyi ganinsa a nan ba, da wuya ya gan shi a can.

Bana an ba ni sabon maƙwabci a ɗakin kwana. Jiya na ga bai taɓa tuwonsa ba, saboda haka gobe da asuba, in Allah ya kai mu, lambu za mu.